Sharhi Kan Ƙaramar Na'urar Auna Iskar Taya

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, na fara bibiyar duk wata kafa da mai yake zurarewa a motata, kuma hakan ne ya sa na sayi wannan na'ura mai nuna lamba a ɗan gilashinta.

Amfaninta ya zarce kuɗinta nesa ba kusa ba. Taya idan iskarta ta ragu takan baje a kan kwalta, sai injin ya riƙa wahala wajen jan motar, ya sha mai fiye da ƙima, ya kuma ƙara fitar da hayaƙin da muke shaƙa a cunkoson titunan Kano. A da, bugun da mai faci yake yi wa taya da hannu nake dogaro da shi. Yanzu kuwa da sassafe nake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi, in daidaita da adadin da kamfanin motar ya rubuta a jikin ƙofar direba.

Aibin na'urar biyu ne: lambobin ba sa fitowa sosai a cikin hasken rana, kuma dole ne a danna bakinta daidai, in ba haka ba iska ta tsere.

Na haɗa aunawar da daina taka totur da ƙarfi, da kashe mota idan jira zai yi tsawo, kuma ina ganin bambanci a yawan zuwana gidan mai.