Kafin ɗalibi makaho ya taɓa riyal ɗinsa a Madina

Wani ƙanenmu daga Katsina da ya samu gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina ya kira ni: "Yaya, wace na'ura zan saya?" Ba ya gani, kuma kuɗin da dangi suka haɗa masa ba su taka kara sun karya ba. Na ce ya ajiye zancen na'ura tukuna, mu fara duba littattafan da za a ba shi.

A nan gizo ke saƙa. PDF iri biyu ne. Akwai mai rubutu na gaske, wanda manhaja ke iya karantawa. Akwai kuma wanda Larabawa ke kira musawwar, hoton shafi ne kawai, ko ka sayi na'ura mafi tsada shiru za ka ji. Na taɓa zama da wani abokina ana saura kwana uku jarrabawa, muka saka muzakkararsa, wato takardun darasinsa, a manhajar da ke mai da hoto rubutu. Ta cinye wasulla, ta cakuɗa hashiya da matani, har muka rasa maganar mawallafi da ta mai sharhi. Ƙarshe ni na karanta masa da baki.

Don haka ga mai karatun Shari'a ko Hadisi, Maktaba Shamila, manhajar da ta tara littattafan addini na Larabci, ita ce ta farko a wurina. Kyauta ce, rubutu ne zalla, kuma littattafai da yawa lambar shafinsu ta yi daidai da bugun takarda. Maktabar dijital ta Saudiyya ana shigarta da asusun jami'a, sai dai a gwada kowane littafi, don ba duka ke karantuwa ba. Bookshare ta Amurka, maktabar intanet ta makafi da masu wahalar karanta bugu, tana da amfani, musamman da Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 mai sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, amma akasarin kayanta Turanci ne.

Sai manhajar karanta allo, wadda ke faɗin abin da ke kan allo da murya. NVDA kyauta ce a Windows, JAWS kuwa kuɗi ce mai nauyi, kuma ban ga dalilin da sabon ɗalibi zai fara da ita ba. Kawai ka sauya muryar da NVDA ta zo da ita, Larabcinta ciwon kai ne, ka koma ta Naayf da ke cikin Windows. A waya akwai VoiceOver a iPhone, TalkBack a Android. Suna da daɗin sauraro a Harami tsakanin Magariba da Isha, amma bahasi, wato rubutun bincike, mai shafi talatin sai kwamfuta.

Na'urar burel, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, ita ce mai tsada. Murya ba za ta nuna maka damma da fataha kamar yatsa ba, saboda haka ɗan Nahawu yana buƙatarta. Orbit Reader 20, mai gurbin harafi 20, ta fi masu gurbi 40 sauƙin kuɗi. Ƙanen namu dai tsohuwar kwamfuta ya saya da abin kunne mai kyau, ya ce burel sai mukafa'a, wato alawus ɗin jami'a, ta taru.