Lesin ɗin hutun da na kai yarana a Mabera, da darasin tsunami da malaminsu ya yi musu

Salamu alaikum 'yan uwa iyaye. Tun da anka koma makaranta mata ke tsare ni wurin biki da wurin suna suna tambayata wai lesin ɗin da na kai yarana lokacin dogon hutu ya yake, ya cancanci kuɗin ko a'a, to na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Wurin yana nan cikin Mabera, gida ne anka mayar da ɗakunansa azuzuwa, ba zan kama suna ba don ina da ƙorafi a kansu kuma ba na son a ce na ɓata ma wani sana'a. A taƙaice dai ni zan sake kai su in Allah ya kai mu, amma gaskiya saboda malami ɗaya ne ba don wurin kansa ba.

Lissafi ba laifi, malamar tana da haƙuri, ƙaramin nawa da bai iya rabawa ba yanzu yana yi. Turanci kuwa haddar nan ce da munka sani, a rubuta a allo a kwafa a tashi, ban ga wani canji ba.

Wanda nake son magana a kansa shi ne malamin labarin ƙasa, wani saurayi ne bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, shi ne ya ɗauki wani ɓangare na hutun yana koya musu alamomin tsunami, wato ambaliyar nan ta teku da ke biyo bayan girgizar ƙasa. Iyaye da yawa sun yi ƙorafi, har maigidana sai da ya ce mi ya haɗa ɗan Sakkwato da teku, mu da ko gulbin Rima sai damina ta yi nisa yake cika, a koya musu abin da zai fito a jarrabawa mana. Ni kuma ɗiyata mai shekara 11 kullum ta dawo sai ta zauna ta maimaita man darasin tun daga farko ina girki, shi ya sa na nemi izini na je na zauna bayan aji na ji da kunnena, kuma abin da na ji shi zan faɗa.

Da farko bai fara da tsoratarwa ba. Baho ya kawo ya cika da ruwa, ya tara yashi gefe ɗaya ya dasa kwalayen ashana a matsayin gidaje, ya sa wani faifan katako a ƙasan ruwan, sai ya ce ma wani yaro ya hura ruwan da baki, ruwa ya ɗan motsa sama-sama bai taɓa gidajen ba, sannan ya ɗaga katakon nan da ƙarfi daga ƙasa sai ga ruwan gaba ɗaya ya taso ya kwashe kwalayen. Ya ce to kun ga bambancin, iska saman ruwa kawai take turawa, amma in ƙasan teku ta motsa to ruwan duka ne ke tafiya tun daga ƙasa har sama. A tsakiyar teku mai zurfi igiyar na gudun da ya kai kilomita 800 a awa, gudun jirgin sama ke nan, kuma masu jirgin ruwa ma ba lallai su lura ba don ba ta da tsawo a can, sai ta iso inda ruwa ba zurfi sai gabanta ya rage gudu bayanta ya taru a kai ta tashi. Wallahi ni da na yi sakandare ban taɓa fahimtar abin haka ba.

Alamomin kuma ya sa sun haddace su da waƙa, in ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza kana kusa da teku, in ka ga ruwa ya janye baya har ƙasan teku ta bayyana ko ya yi wata irin cika da kumfa da ba a saba gani ba, in ka ji ƙara mai ƙarfi daga teku, to ka nemi tudu ko bene mai tsawo ka hau kar ka jira sanarwa. Ya nanata musu cewa ba kullum ruwan ke janyewa ba, wani lokaci kawai zuwa yake, kuma ba igiya ɗaya ba ce, ta biyu ko ta uku na iya fin ta farko, don haka ba a saukowa don an ga ta farko ta wuce. A babbar tsunamin da anka yi a tekun Indiya a 2004 mutane da yawa da sunka ga ruwa ya janye sai sunka shiga kallo da tsintar kifi, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ba wanda ya taɓa gaya musu mi wannan ke nufi.

Daga nan ya kawo labarin Tilly Smith, kuma nan ne yaran sunka yi tsit. Ranar 26 ga Disamba 2004 anka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatra na Indonesiya, ruwan ya kashe mutum wajen 230,000 a ƙasashe 14, ya tsallaka har Somaliya nan Afirka, kuma lokacin babu tsarin gargaɗi a tekun Indiya. Ita wagga yarinya 'yar Ingila ce shekararta 10, sun je hutu da iyayenta gaɓar Mai Khao a tsibirin Phuket na ƙasar Tailan, kuma sati biyu kacal kafin nan malaminsu na labarin ƙasa Andrew Kearney ya yi musu darasin tsunami har ya nuna musu bidiyon wadda ta faru a Hawaii. Tana ganin tekun yana kumfa ya canza yanayi ta ce irin na bidiyon nan ne, ta fara gaya ma iyayenta, uwar ba ta yarda da farko ba, yarinya ta dage tana kuka tana ihu har uban ya je ya gaya ma mai gadin otal, anka kwashe mutane wajen 100 daga bakin ruwa kafin igiyar ta iso, kuma wurin na cikin 'yan tsirarun gaɓoɓin Phuket da ba a samu rahoton mutuwa ba. Malam ya ce ma yaran ku lura, garinsu Tilly ma ba a yin tsunami, in da iyayen ajinsu sun ce mi ya haɗa ɗiyanmu da wannan darasi fa? Wannan amsar na kawo ma maigida. Yaranmu ai ba a Sakkwato za su dawwama ba, wasu karatu zai kai su Malesiya ko Indonesiya, wasu kasuwanci, ba ka san inda ƙafar ɗanka za ta taka ba.

Wanda ya fi burge ni ni kaina shi ne na tsibirin Simeulue, yana cikin lardin Aceh na Indonesiya, musulmi ne 'yan uwanmu, kuma suna kusa ƙwarai da inda girgizar ta faru. An taɓa yi musu irin wannan ambaliya a 1907 ta kashe mutane da yawa, sai waɗanda sunka tsira sunka sa labarin cikin waƙoƙi da tatsuniyoyin da ake yi ma yara, in ƙasa ta girgiza ruwa ya janye ku gudu kan dutse. Kusan shekara ɗari ana gadon wannan magana daga kaka zuwa jika, ranar da abin ya dawo mutanen tsibirin sama da 70,000 sunka haye tuddai, waɗanda sunka rasu ba su kai goma ba, alhali a sauran Aceh an rasa fiye da mutum dubu ɗari. Ba na'ura ba rediyo, kakanni ne kawai da ba su yi shiru ba.

Amma darasin da ya hana ni sukuni na Japan ne, 11 ga Maris 2011. A garin Kamaishi wani farfesa Toshitaka Katada ya yi shekaru yana koya ma 'yan makaranta abu uku, kar ka dogara da taswirar da ta ce nan ruwa ba ya zuwa, ka yi iyakar ƙoƙarinka ka ƙara hawa sama, kuma ka zama na farkon gudu don in ka gudu wasu za su bi ka. Ranar da abin ya zo 'yan ƙaramar sakandare sunka ruga, 'yan firamare sunka bi su, manyan na riƙe da hannun ƙanana, sunka isa wurin da anka tanada sunka ga bai isa ba sunka ƙara gaba, ɗalibai kusan 3,000 na garin kusan dukansu sun tsira. A wannan ranar dai, a makarantar firamare ta Okawa da ke Ishinomaki, akwai tudu nan bayan makaranta, amma malamai sunka tsayar da yara a fili ana shawarar ina za a je har kusan minti 50, an ruwaito cewa cikin yaran akwai waɗanda sunka ce a hau tudun ba a bi maganarsu ba, yara 74 cikin 108 sunka rasu da malamai 10. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da malam ya gama wannan sai da na share hawaye, don na san halinmu.

Mu nan tarbiyyarmu yaro ba ya katse babba, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya ba zan canza ta ba, amma mu faɗi gaskiya, yau ɗiyarki 'yar shekara goma ta riƙe zanenki a cikin mutane tana ihu Mama mu gudu, mi za ki fara yi? Da yawanmu tsawa za mu daka mata mu ce ke ba ki da kunya ne, rufe mana baki. Ana ta kiran Tilly jaruma kuma jarumar ce, har Majalisar Ɗinkin Duniya an kai ta ta gana da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton a 2005, amma da ubanta bai je wurin mai gadi ba da iliminta ya tafi da ita cikin ruwa. Abin da ya sa na ɗaga ma malamin nan hannu ke nan, bai tsaya kan yara su san alama ba, ya koya musu yadda za su gaya ma babba ba tare da rashin ladabi ba. Ya sa suna gwadawa biyu-biyu, ɗaya ya zama baba ɗaya ya zama ɗa, yaro ya ce Baba don Allah ka yi haƙuri ka saurare ni, an koya mana a makaranta in an ga kaza to kaza zai biyo baya, ga shi ina gani yanzu, mu matsa in ba komai sai mu dawo. In Baba bai ji ba a nemi wani babba, kawu ko liman ko mai unguwa, kar a yi fushi a zauna. Ranar rufewa kuma ya tara iyaye ya roƙe mu, ya ce iyayena ni na koya musu nasu, saura naku, in yaro ya zo muku da magana irin wannan ku ba shi minti ɗaya. Abin takaici iyaye maza ƙalilan ne sunka zo.

Yanzu ƙorafi. Babban cikinsu shi ne ruwanmu na gida an ba shi lokaci kaɗan ƙwarai, rana ɗaya tak a ƙarshe kuma a gurguje. Duk wanda ke Sakkwato a 2010 ya tuna abin da ruwan dam ɗin Goronyo ya yi, ƙauyuka sunka nutse, gonaki sunka tafi, hanyar jami'ar Danfodiyo ta yanke. Ga Maiduguri a Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle cikin dare, ga Mokwa a Mayun 2025. Wannan shi ne ruwan da ya fi kusa da yaranmu, kuma shi ma yana da alamominsa, gulbi ya riƙa hawa alhali nan ba a yi ruwan sama ba, launinsa ya koma ja ya ɗauko kara da itace da shara, a ji ƙugi daga sama, sannan yaro ya san ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kada babban mutum ballantana shi. Ya faɗe su, amma ba baho ba waƙa ba gwaji yadda ya yi ma teku. Na same shi na ce Malam don Allah baɗi a raba lokacin biyu, a gayyato ko wani tsoho daga Wamakko ko Goronyo ya ba su labarin 2010 da bakinsa, ya ce insha Allah Hajiya, shi ma yana so, mai wurin ne ya ƙayyade masa ranaku.

Sai zafi. Ɗakunan ƙanana ne, fanka ɗaya kowane ɗaki, in an ɗauke wuta sai an daɗe kafin a tada janareta, ranar da na je bidiyon ma a wayar malam anka ƙarasa kallonsa yara sun yi cincirindo a kansa. Banɗaki ɗaya ne maza da mata, wannan ban ji daɗinsa ba ko kaɗan kuma na gaya ma mai wurin. Kuɗin rajista daidai talaka ne ba su tsauwala ba, sai dai bayan an biya sai a riƙa aiko yaro a kawo na fotokwafi, a kawo na kwali, gara su haɗa tun farko mutum ya san lissafinsa. Lokacin tashi ma yana matse ma Islamiyya, yara na dawowa sai dai su ci abinci a tsaye.

Abu na ƙarshe, bidiyon 2004 da na Japan da ya nuna sun yi ma ƙananan nauyi, nawa mai shekara 8 ya kwana biyu yana tambayata ko ruwa zai shigo ɗakinmu, sai da kakarsa ta zaunar da shi ta lallashe shi. Ya kamata a ware 'yan ƙasa da shekara 10 a bar su da bahon da waƙar kawai. In za ku kai naku ku tambaya tun wurin rajista ko malamin labarin ƙasan nan yana nan bana, don na ji ana cewa yana neman aiki a wani wuri, ku kuma haɗa su da gorar ruwa mai sanyi don na wurin ba ya isa.