Xenomai ko PREEMPT_RT, wanne zaka ɗora wa injin naka?

Malam, kace kana so kwamfuta ɗaya ta riƙa juya motocin lantarki na injin CNC ɗinka (injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) kuma ta nuna maka allo da intanet, kana tambaya tsakanin Xenomai da PREEMPT_RT wanne yafi. Toh dukansu hanyoyi ne na sa Linux ya riƙa amsa aikin gaggawa a kan lokaci, amma gini biyu ne daban tun daga tushe.

Xenomai, wanda Philippe Gerum ya fara a 2001, kanel biyu ne a inji ɗaya (kanel shine zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta). A ƙarƙashinsu akwai wani ɗan siririn kanel da ya samo asali daga wani aiki mai suna Adeos, aka daɗe ana ce mishi I-pipe, yanzu Dovetail ya gaje shi. Aikinshi ɗaya ne, duk siginar katsewa da ta taso daga tayima ko wata na'ura shi ke fara cafkewa, ya miƙa wa ɓangaren gaggawa wato Cobalt, sai in wannan ba shi da aiki sannan Linux ya samu nashi. Abin da yafi burge ni shine ko Linux yace ya rufe ƙofar katsewa, ba ainihin ƙofar firosesa ya rufe ba, alama kawai aka ɗaga mishi, ana tara mishi saƙonninshi a gefe har ya buɗe. Shi yasa ko yana fama da kwafe manyan fayiloli motarka ba zata jira shi ba.

Amma fa akwai tarko. Da zarar aikinka na gaggawa ya nemi wani abu wajen Linux, ko rubutu a fayil ne kawai, shikenan ya zame ya koma hannun Linux, alƙawarin lokaci ya tashi. Direbobin aikin gaggawa ma sai na RTDM, wato tsarin direbobin Xenomai, kuma facin da ake ɗora wa Linux don Xenomai ba kowane bugun kanel yake hawa ba. Sannan kada ka ɗauka akwai katanga tsakaninsu, ƙwaƙwalwa ɗaya suke rabawa, Linux in ya faɗi tare zasu tafi. Mai son katanga sai ya duba Jailhouse na Siemens, shi yana raba kawunan firosesa ne kowa da nashi.

PREEMPT_RT kuwa kanel ɗaya ne, gyara cikin Linux aka yi yadda aiki mai muhimmanci zai iya ture kusan komai ya wuce gaba. Tun 2024 ya shiga babban kanel a bugu na 6.12, yawancin direbobinka na yau da kullum suna aiki.

Gaskiya ni a wajenka PREEMPT_RT nake gani, domin a LinuxCNC, manhajar sarrafa injin CNC, zagayen servo (tazarar da ake sabunta umarnin motocin) milisakan 1 ne in baka taɓa saitin ba, musamman in kati na waje ke fitar da bugun motocin. Ka kunna cyclictest, manhajar auna jinkiri, ka loda wa injin aiki sosai, bidiyo da kwafe fayil da komai, ka barshi ya kwana, da safe ka duba lambar Max wato jinkiri mafi tsawo, kada Avg wato matsakaici ta ruɗe ka. In Max ɗin ya wuce abin da injinka zai jure, fara kashe tsimin wuta a BIOS, wato saitin tushen kwamfutar, ka sake gwadawa kafin ka waiwayi kanel biyu.