WordPress, Wix, Blogger ko sabuwar manhajar gwaji: wanne ya dace da mu na karkara?

Kwanan nan linkin gayyata ya yi yawa a guruf-guruf na WhatsApp, wai matasa sun kafa kamfani sun ƙera manhajar gyara shafin intanet, kana zaune da wayarka ka canza hoto ka canza farashi ka rubuta sanarwa ba sai ka nemo mai kwamfuta ba, kuma suna neman mutanen farko da za su gwada musu kyauta. Masu makarantun Islamiyya, 'yan ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo, masu sayar da shinkafar Haɗejia, tambayarsu ɗaya ce, a shiga ne ko a tsaya wajen tsofaffin hannu? To ga yadda nake ganin abin, kuma fa da mutumin Ringim ko Gumel ko Dambatta nake magana, wanda sai ya kai waya shagon caji in KEDCO ta yi halinta.

Da farko ma, ɗan uwa, shafin kake buƙata kuwa? In kwastomominka duk ka san su, kuna haɗuwa a Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis, to WhatsApp Business ya ishe ka, tun 2019 suka sa masa wurin jera kaya da hoto da farashi, har kaya 500 yana ɗauka, kuma ko sisi ba ka biya. Mai buƙatar shafi na gaske shi ne wanda yake so baƙon da bai san shi ba ya lalubo shi a Google, ko ƙungiyar da ta nemi tallafi aka ce mata ina adireshin shafinku.

Blogger shi ne mafi sauƙi, na Google ne tun 2003 da suka saye shi. Kyauta ne, ba ya cin data sosai, in kana da Gmail ka gama rajista kenan. Ga malamin da wa'azi ko darasi kawai zai riƙa zubawa, ko makarantar da sanarwar hutu da komawa ce damuwarta, wallahi ya wadatar. Amma ba shago ba ne, ba shi da wurin karɓar kuɗi na kansa, kuma fasalinsa na da ne.

WordPress kuma sai an yi a hankali don guda biyu ne kuma mutane na rikita su. Akwai WordPress.com wanda kamfanin Automattic ke riƙe da shi, ka yi rajista su ba ka wuri, na kyautan yana zuwa da tallarsu da sunansu a maƙale a adireshinka. Sai ita manhajar kanta da ake saukewa a WordPress.org, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kowa na iya ɗauka ya ɗora inda ya ga dama, kuma yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Wannan ta biyun nake nufi in na ce WordPress. Kai za ka sayi sunan shafinka, wato domen, ka biya kuɗin wurin ajiya da ake ce wa hostin, kuma akwai kamfanonin gida irin su Whogohost da QServers da ke karɓar naira da tiransifa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin biyan dala da katin ATM ɗinsa a lokacin da bankuna suka toshe hakan, daga 2022, ya san wahalar, ga dalar kanta da ta haura naira 1,500 a 2024. Suna mai .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ya fi .com araha.

In ciniki kake so sai a jona masa WooCommerce, wanda ke mayar da shafi shago, da hanyar karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave, mutum ya biya daga Legas alat ya shigo maka a ƙauye. Matsalarsa ita ce yana son kulawa. Sai ana sabunta shi, in aka bar shi wata da watanni masu kutse na iya shiga su cika maka shafi da tallar caca, kuma saitin farko ba aikin waya ba ne, sai ka samu wanda ya iya ya zauna da laftof. Bayan an gama saitin kam rubutu da sa hoto ana yi da waya, manhajarsu ta Android ma tana ajiye rubutu ko babu sabis, in ya dawo ka tura.

Wix kyau gare shi, ka jawo hoto ka ajiye inda kake so. Sai dai tsara shi sosai yana son kwamfuta da intanet mai ƙarfi, na kyautan ba ya barinka ka sa domen ɗinka na kanka, kuma babbar illarsa ba a kwashe shafin Wix a kai wani kamfani. Ranar da ka gaji da su sai dai ka sake gini daga tushe. Ni dai ba na ba mutumin karkara shawararsa.

To sai sabuwar manhajar gwajin. Gaskiya ina son yaran nan su ci nasara, kuma akwai abin da suka fi manyan. Ka yi ƙorafi da safe wanda ya rubuta manhajar da kansa zai amsa maka, wani lokacin kafin la'asar ya gyara, je ka gwada hakan da Google ka gani. Galibi sun san da waya muke aiki don haka da waya suka faro, kuma kuɗinsu in sun fara karɓa naira ne. Amma ka gane me gwaji yake nufi, abin bai gama nuna ba, kai ne za ka gano musu inda yake fashewa. Rubutun da ka ɓata awa kana yi zai iya ɓacewa, maɓallin da ka saba da shi gobe ka tarar an ɗauke, kyautar kuma ta ɗan lokaci ce. Sannan ƙananan kamfanoni da yawa ba sa kai labari, kuɗi ya ƙare ko mai shi ya samu aiki a waje shi ke nan. Kai ko Google da girmanta, a watan Maris na 2024 ta rufe shafukan kyauta da ta buɗe wa 'yan kasuwa masu adireshin business.site, balle yara uku da laftof.

Shi ya sa tambayar da ta fi kowacce a wurina ita ce sunan shafin a hannun wa yake. Domen kamar takardar fili ce, in sunanka ne a kai ko magini ya gudu filin naka ne, ka kira wani ya ci gaba. Ka saye shi da imel ɗinka da lambar wayarka, ba na yaron da ya yi maka aiki ba, ba na kamfanin ba, kuma ka rubuta ranar sabuntawa don duk shekara ake biya. In manhajar ta ce sai dai ka zauna ƙarƙashin adireshinta to kar ka buga shi a allon shago ko jikin buhu.

Ka kuma tambaye su kai tsaye, in na tashi tafiya ta yaya zan kwashe rubutuna da hotunana? Blogger da WordPress duk suna ba ka fayil ɗin kayanka ka sauke. In yaran suka fara kame-kame, wai muna kan aiki a kai, ka ji amsarka. Ka tambayi nawa za su caja bayan gwajin, su rubuta maka ba da baki ba. In kuma makaranta ce da za ta zuba sunayen ɗalibai da lambobin iyaye, malam ka dakata, akwai dokar kare bayanai ta 2023 kuma amanar mutane ce, ba da ita ake gwaji ba.

Gwajin ma ka yi shi irin namu. Kar ka je cikin Kano inda sabis ya cika ka ce ta yi. Ka zauna a gida lokacin da netwok ya koma 3G ko ƙasa da haka, ka duba ragowar datarka, ka ɗora hoto biyar na buhunan riɗi, ka sake dubawa ka ga nawa ta ci, don tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025 data ta daina zama abin wasa. Ka kashe datar ana tsakiyar rubutu ka ga ko zai tsira. Ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ka buɗe a wayar wani, wasu manhajojin akwatuna suke mayar da su. Sannan ka miƙa wa sakataren ƙungiya ko ƙaninka ka ce ya canza farashin kwano ba tare da ka nuna masa ba, in ya kasa to duk tallar sauƙin da suke yi magana ce kawai.

Ni in ka ce in zaɓa maka, mai sanarwa kawai ya ɗauki Blogger ya ɗaura masa .com.ng nasa. Mai ciniki ko ƙungiya da take da ɗan kuɗin shekara ta tafi WordPress a hostin na gida. Sabuwar manhajar kuma ka shiga ka gwada da wani ƙaramin abu, shafin gasar ƙwallon unguwa ko sanarwar walimar sauka, ka riƙa tura musu ƙorafi tsakani da Allah, kwafin komai yana wayarka. In damina ta zagayo suna nan, sun faɗi farashi, sun kuma buɗe hanyar kwashe kaya, sai a yi maganar mayar da babban shafin wajensu.