Scanpst: abin da yake iya ceto wa kalandar Outlook da abin da ba ya iyawa

A ofisoshi da ƙungiyoyi wani lokaci akan sabunta Office daga na 2010 zuwa na 2016 ko sama, sai a buɗe Outlook, manhajar imel da kalanda, a tarar kalanda babu komai, ko ma ya ƙi buɗewa. Masu gyara kan fara ɗaukar scanpst.exe, ƙaramar manhajar gyara fayilolin Outlook da suka lalace. Kyauta ne, yana zuwa tare da Office, a sabbin nau'o'i yana cikin C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16.

Kafin a taɓa shi, a duba Documents\Outlook Files. Sau da dama fayil ɗin pst, inda Outlook ke ajiye saƙonni da kalanda, bai lalace ba, sabon Outlook ne ya buɗe wani fanko ya bar tsohon a gefe. Haɗa tsohon kawai za a yi, kalanda ta dawo.

In lalacewa ce ta gaske, wadda yawanci ɗaukewar wuta ke jawowa ana tsakiyar rubutu a fayil, a rufe Outlook gaba ɗaya, a kwafe pst ɗin a kile ta USB. Scanpst na ajiye nasa kwafin mai suna .bak, amma a kan faifai ɗaya, to in faifan ne mai ciwon, kwafin ba ya da amfani. Sai a nuna wa scanpst fayil ɗin, ya bi matakansa 8, a danna gyara. Zagaye ɗaya ba ya cika isa. A maimaita har ya daina ganin kuskure. Babban fayil na cin lokaci, kada a fara sai da batir ko ondular, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke.

Wajen gyara tsarin fayil yana da kyau ƙwarai. Rauninsa shi ne abin da ya gagare shi karantawa zubar da shi yake yi. Wasu alƙawuran taro kan koma wani kundi na abubuwan da aka tsinto, sai an ja su da hannu zuwa sabon pst. Masu maimaituwa kowane mako su ne na farko da ya kamata a bincika.

Masu asusun IMAP, irin asusun imel da saƙonninsa ke zaune a kwamfutar kamfanin imel (saba), su yi hattara. Tun Outlook 2013 kalandarsu tana cikin fayil ɗin ost, inda Outlook ke ajiye kwafin saƙonnin da ya sauke, a kwamfutar kaɗai take, ba ta kan saba. Mai gyaran da ya ce a share ost saƙonni za su sake saukowa bai yi ƙarya ba, amma kalandar ta tafi ke nan. A fitar da ita zuwa pst tukuna.