Na sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu don in gwada Linux: ga abin da na tarar

Kwamfutar da nake neman abinci da ita ba ta wasa ba ce, shi ya sa duk sha'awar da nake yi wa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, ban yarda na raba rumbunta na ajiyar bayanai gida biyu na ɗora shi kusa da Windows ba. Hannu ya goce sau ɗaya wajen rabon nan, aikin shekaru ya bi ruwa. Sai na nemi wata laftof ta hannu, irin waɗanda ofisoshi ke sallamarwa bayan sun gama cin moriyarsu: ƙirar 2012, injin Intel i5 na zubi na uku, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 4, da tsohon rumbun nan mai juyawa. Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na ɗora mata. A ganina ta biya kuɗinta, amma ba a yadda ta zo ba.

Yadda ta zo, nawa ne da ita kamar me. Ka danna Firefox, ka zauna kana sauraron rumbu yana ƙirƙir a ƙarƙashin tafin hannunka, fanka na huro iska mai zafi ta gefen hagu. Mai gaggawa a nan zai yanke hukunci ya ce Linux ba shi da sauri, alhali laifin na ƙarfen ne. Da na kwance murfin ƙasa na zare rumbun na zura SSD, wato sabon nau'in rumbu mai sauri wanda ba ya juyawa, na ƙara RAM ya kai giga 8, sai ta koma wata aba daban. Injin 2012 har gobe yana ɗaukar rubutu, imel, bidiyon YouTube da shafukan intanet masu yawa ba tare da nishi ba. Duk wanda zai yi wannan sayayya ya sa kuɗin SSD cikin lissafi tun farko.

Wi-Fi ne ya ɗan ba ni aiki. Bayan na gama ɗora manhajar, ko alamarsa babu a kusurwar allo. Na jona wayata da igiyar USB ta ba ta intanet, na buɗe Driver Manager na Mint, ya nuna manhajar da katin Wi-Fi ɗin ke buƙata, na danna, na kashe na kunna, shi ke nan. Sauti, kyamara da maɓallan rage haske kuwa duk sun tashi da kansu.

Babban abin da na samu shi ne sakin jiki. A kan kwamfutar da babu komai nawa mai muhimmanci a cikinta, ba na tsoron baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Na goge Mint na ɗora Debian, na leƙa Fedora, su ma nau'o'in Linux ne, na dawo Mint da fuskar Xfce mai sauƙin nauyi. Idan abu ya rikice, Timeshift, manhajar da ke adana kwafin tsarin kwamfutar, ya mayar da ita yadda take jiya, in ya ƙi a share a sake. Irin wannan koyo ba ya yiwuwa a kan injin da gobe da safe kake buƙatarsa don aiki.

Lokacin ma ya dace. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wata ƴar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, in ban da ƴan kaɗan. Kenan kwamfutoci lafiyayyu da yawa sun rasa madafa, ga shi kuwa Linux Mint 22, wanda aka gina kan Ubuntu 24.04, zai ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har 2029. Sai dai tsufa ma yana da iyaka. Tun fitowa ta 20 a shekarar 2020 Mint ya bar tsofaffin injuna masu bit 32, don haka kar arha ta ja mutum ya kwaso abin da ya wuce zamani.

Abin da bai yi min ba: batirin ya gaji, caja ce rayuwarta. Allon 1366 da 768 ne, ya dushe, yana gajiyar da ido. Microsoft Office da Photoshop ba su da na Linux. LibreOffice, madadin Office, yana buɗe takardun Word, amma wadda ke da jadawali da yawa takan ɗan karkace, kuma GIMP, madadin Photoshop, sai ka sake koyon hannu.

Wanda leƙe kawai yake so ya yi, ba sai ya sayi komai ba. Ya zuba Mint a filashi ya tayar da kwamfutarsa daga ciki, ko ya yi amfani da VirtualBox, manhajar da ke tayar da Linux a cikin Windows. Amma waɗannan ba za su nuna masa yadda zama da Linux yake kullum ba, da firinta da batir da rufe murfi a buɗe.

In ka yanke shawarar saye, je da filashinka a aljihu. Ka tayar da ita a gaban mai sayarwa, ka gwada Wi-Fi da sauti da kowane harafi na kibod, sannan ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Idan ta tambaye ka kalmar sirri kuma shi ma bai san ta ba, ajiye masa abarsa ka duba wata.