Gidan Zane na Nike a Lekki: Abin da Mai Neman Zane Marar Sura Zai Tarar

Bahaushen da ke zaune a Legas, wanda yake son ƙawata bangon falonsa ko na ofishinsa amma ba ya son rataya hoton mutum ko na dabba saboda dalili na addini, yana da wurin da ya kamata ya fara leƙawa, wato Nike Art Gallery da ke Ikate a yankin Lekki. Fitacciyar mai rinin adire, Nike Davies-Okundaye, ita ce ta buɗe wannan gidan zane a 2009, a wani bene mai hawa biyar da ke ɗauke da ayyuka kimanin 8,000, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Mafi yawan abin da ke rataye hotunan mutane ne da na kasuwanni, sai dai wanda ya hau benen a tsanake zai tarar da zane marar sura mai yawa, kuma zai gane cewa hanyoyin yin sa sun sha bamban ƙwarai.

Hanyar da ta fi ƙarfi a gidan, a ganina, ita ce ta masu ɗebo alamomin gargajiya su shimfiɗa su a kan kyalle da fenti. A nan ake ganin tasirin adire, da shuɗinsa na baba da ƙananan gidajensa masu maimaita juna, da kuma tasirin ƙungiyar masu zane ta Ona da aka kafa a Ile-Ife a 1989, wadda Tola Wewe yake cikin jigoginta, inda ake cika fuskar zane da layuka da ɗige-ɗige har ido ya rasa wurin hutawa. Wannan tunani yana da tushe a Arewa, domin a Zariya ne ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kira da a haɗa dabarun da aka koyo daga Turawa da fasahar gida. Okeke ya tafi da wannan ra'ayi Nsukka ya raya shi da zanen uli na matan Ibo. Duk wanda ya taso yana ganin aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi a bangon soro, ba zai ji baƙunta a gaban waɗannan ayyuka ba, domin ya riga ya san cewa layi da maimaici suna iya ɗaukar ma'ana ba tare da fuskar kowa ba.

Akwai kuma masu dogaro da launi zalla, waɗanda suke shafa fenti da kauri da 'yar wuƙar zane har ya yi tudu, salon da ake yawan dangantawa da waɗanda suka yi karatun zane a kwalejin fasaha ta Auchi. Waɗannan su ne suka fi saurin jan hankalin mai saye, kuma su ne nake ba da shawarar a fi yin taka-tsantsan da su, domin launi mai ƙyalli yakan ɓoye raunin tsari, ga shi abin da ya burge mutum a ƙarƙashin fitilun gidan zane yana iya gundurar sa bayan ya zauna da shi a falo. Salon kwarara fenti, wanda marigayi Gani Odutokun na Jami'ar Ahmadu Bello ya shahara da shi kafin rasuwarsa a 1995, ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, tun da mai zanen yana barin ruwan fentin ya bi hanyarsa ne sannan ya san inda zai tsayar da shi. Masu kwaikwayon wannan hanya suna da yawa a kasuwar Legas, amma waɗanda suka iya ta kaɗan ne. Sai kuma masu haɗa fenti da duwatsun ado ko tsumma ko ƙarfe, waɗanda aikinsu yake buƙatar kulawa ta musamman a garin da iskarsa ke da laima da gishirin teku.

Yawan kayan shi ne ƙarfin gidan, kuma shi ne abin da zai iya gajiyar da baƙo, domin an jera zane kusa da zane daga ƙasa har rufi, alhali zane marar sura yana son fili a kewayensa. Saboda haka ya kyautu mutum ya ware abin da ya kama idonsa, ya ja da baya ya dube shi daga nesa, sannan ya tambayi ma'aikata sunan mai zanen da irin fentin da aka yi amfani da shi. Farashi yana bin sunan mai aikin fiye da girman kyallen, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ayyukan matasa. Wanda zai taso daga Agege ko Idi-Araba kuwa, gara ya fita da sassafe kafin cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe ya kankama.